Yadda Ake Nazarin Unguwa Kafin A Zuba Jari A Gida Ko Fili

Wanda ya sayi gida yana da ikon sauya rufinsa, ya rushe bango, ya ƙara ɗaki, ya sake fenti, har ma ya baje ginin gaba ɗaya ya tayar da sabo. Abu ɗaya ne ba zai taɓa iyawa ba, wato ya ɗauke filin ya kai shi wani wuri. Duk abin da ke bayan ƙofar gidan, tun daga hanyar da ta bi ta gabansa har zuwa makarantar da yara za su shiga da hukumar da ke karɓar haraji, ya zama nasa ranar da ya biya kuɗi, alhali ba shi da iko a kan ko ɗaya daga ciki. Wannan ne ya sa za ka ga gidaje biyu masu fasali ɗaya, waɗanda magini ɗaya ya gina a shekara ɗaya, bayan shekara goma ɗaya ya ninka darajarsa, ɗayan kuma mai shi yana ta neman wanda zai karɓa ko da a faɗuwa. Matakan da ke tafe an jera su ne yadda ya kamata a bi su, kuma da gangan aka ajiye maganar farashi a ƙarshe, domin farashi ba ya da ma'ana sai an san abin da ake saye.

Mataki na farko: sanin wanda zai biya ka

Tun kafin ka duba taswira, ka rubuta wa kanka amsar tambaya guda: daga aljihun wa ribar nan za ta fito? Idan haya kake nufi, wane irin ɗan haya ne, mai iyali ko ɗalibi ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ko mai shago? Idan kuma niyyarka ka riƙe kadarar ka sayar nan gaba, wa zai saya, kuma bayan shekara nawa? Unguwar da ta dace da ɗalibai, mai hayaniya da kusanci da tasha, ita ce wadda mai iyali zai guje wa. Babu unguwar da take mai kyau ga kowa, saboda haka duk binciken da zai biyo baya za ka yi shi ne da idon wannan mutumin da ka zaɓa.

Mataki na biyu: gano iyakokin da ba a gani da ido

Sunan unguwa kamar yadda dillalai ke faɗinsa ba abin dogaro ba ne, domin sukan faɗaɗa sunan unguwa mai farin jini ya haɗiye layukan da ba nata ba. Iyakokin da ke shafar kuɗinka iri biyu ne. Akwai na hukuma, wato inda ikon wata ƙaramar hukuma ko gunduma ya ƙare na wata ya fara, kuma akwai na zahiri, kamar babbar hanya ko layin dogo ko kogi, waɗanda ke raba jama'a ko da taswira ta nuna wuri ɗaya ne.

Iyakar hukuma ce aka fi mantawa da ita, kuma ita ce ta fi tsada. Gidaje biyu suna iya fuskantar juna a kan titi ɗaya, amma kowanne yana biyan haraji ga hukuma daban, yana neman izinin gini a ofishi daban, yaransa kuma suna shiga makaranta daban. A Amurka, inda kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati ke fitowa daga harajin gidaje na yankin, kuma ake ba yaro gurbi gwargwadon adireshinsa, iyakar gundumar makaranta kan raba farashin gidaje a fili. A Ingila ma iyaye kan biya ƙari don su zauna cikin da'irar makarantar da suke so. Ka nemi taswirar hukuma, ka ɗora adireshin gidan a kanta da hannunka, ka tabbatar wace hukuma ce ke kula da shara, ruwa, hanya, haraji da izinin gini a wannan layin. Ka kuma tambaya ko akwai shirin sake zana iyakokin, domin ƙarin kuɗin da ka biya saboda makaranta yana iya narkewa da sa hannu ɗaya.

Mataki na uku: daga ina kuɗin mazauna ke fitowa

A nan ya kamata mai zuba jari ya fi daɗewa. Haya ba gini ne ke biyan ta ba, albashi da cinikin mutane ne ke biya, don haka lafiyar unguwa tana rataye ne a kan wuraren da mazaunanta ke samun abinci. Ka lissafa manyan wuraren aikin da ke kusa: masana'anta, jami'a, asibiti, kasuwa, ofisoshin gwamnati, tashar jiragen ruwa. Sa'an nan ka tambayi kanka, idan mafi girma daga cikinsu ya rufe gobe, kashi nawa na 'yan haya za su tattara kayansu?

Birnin Detroit na Amurka ya isa misali. A 1950 mazaunansa sun kai kusan miliyan 1.85, kuma arzikinsa ya dogara ne kacokan a kan ƙera motoci. Da ayyukan suka ragu, masu hali kuma suka koma garuruwan kewaye, sai ƙidayar 2020 ta sami mutane wajen 639,000 kacal. Abin lura ga mai zuba jari shi ne yadda faɗuwar ta riƙa ciyar da kanta: mutane sun tafi, harajin da hukuma ke tarawa ya ragu, fitilun titi da aikin 'yan sanda da kwashe shara suka taɓarɓare, wasu mutanen suka ƙara tafiya, har birnin ya shigar da takardar fatara a kotu a watan Yulin 2013. Gidajen da aka riƙa sayarwa a can da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba sun ja hankalin masu saye daga nesa, waɗanda da yawansu suka tarar da bashin haraji a kan gidan da kuma layin da babu kowa a cikinsa. Araha dai ba ta ado. Duk da haka, a cikin birnin guda akwai sassan da suka farfaɗo, musamman tsakiyarsa da kewayen jami'a da asibitoci, wanda ke nuna cewa hukuncin da aka yanke wa birni gaba ɗaya ba ya isa, sai an sauka unguwa-unguwa.

Alƙaluman da za ka nema ba su da yawa: yawan jama'a a ƙidaya biyu ko uku da suka gabata, shekarun mazauna, adadin masu haya idan aka kwatanta da masu zama a gidan kansu, da yawan gidajen da babu kowa. Alkiblar da lambar ta dosa ta fi lambar kanta muhimmanci. Unguwa matsakaiciya da matasa masu aiki ke shigowa cikinta ta fi mini unguwa mai suna wadda mazaunanta ke tsufa, 'ya'yansu kuma ba sa dawowa.

Mataki na huɗu: auna nisa da minti

Tun a 1826 wani Bajamushe mai gona, Johann Heinrich von Thünen, ya nuna cewa darajar ƙasa tana raguwa gwargwadon wahalar kai amfaninta kasuwa, kuma a 1964 wani masanin tattalin arziki, William Alonso, ya ɗora wannan tunani a kan filayen birni. Ma'anar a aikace ita ce, mutum yana biyan haya ne don ya sayi lokaci. Saboda haka kada ka auna nisa da kilomita. Ka fita daga ƙofar gidan a lokacin da ma'aikata ke fita, ka bi hanyar da ɗan hayarka zai bi, da irin abin hawan da zai hau, ka duba agogo. Ka sake yin haka da yamma.

Sabuwar hanya ko tashar jirgin ƙasa tana iya sauya unguwa baki ɗaya, kuma a nan ne dillali zai fi matsa maka da cewa ka saya yanzu kafin farashi ya tashi. Gaskiya ne farashi kan fara tashi tun ranar sanarwa, amma ayyukan gwamnati suna da nasu agogon. Layin jirgin Elizabeth na Landan an fara aikinsa a 2009, an tsara buɗe shi a Disambar 2018, amma bai fara ɗaukar fasinja ba sai Mayun 2022. Wanda ya ci bashin banki ya sayi gida kusa da tasha yana lissafin 2018 ya biya kuɗin ruwa na fiye da shekara uku kafin alkawarin ya cika. Labarin Canary Wharf, a gabashin Landan, ya fi wannan tsanani. Tsohuwar tashar jiragen ruwa ce da aka rufe, gwamnati ta kafa hukumar raya yankin a 1981, wani babban kamfanin gine-gine ya tayar da dogayen benaye na ofisoshi, amma layin jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kawo ma'aikata da yawa bai iso ba sai 1999. Kamfanin ya durƙushe a 1992. Hasashensa game da wurin daidai ne, domin yau yankin yana cikin manyan cibiyoyin hada-hadar kuɗi na duniya, sai dai kuɗinsa sun ƙare kafin hanyar ta zo.

Ka kasa duk wani aikin da aka yi alkawari kashi uku: wanda ake magana kawai, wanda aka amince da shi aka ware masa kuɗi, da wanda ma'aikata suke wurin suna tono. Na farko kada ka biya ko sisi dominsa. Na biyu ka ƙara masa shekaru a lissafinka. Na uku ne kaɗai ya cancanci ƙarin farashi, shi ma da sharaɗin za ka iya riƙe gidan idan aka yi jinkiri. Ka kuma tuna cewa kusanci da tasha alheri ne, amma gidan da ke manne da layin dogo ko gadar sama yana shan ƙara da ƙura, kuma mai haya zai rage maka kuɗi saboda su.

Mataki na biyar: zama a ofishin tsara gari

Mutane da yawa sukan bar wannan ga lauya, lauya kuma yakan duba takardar mallaka kawai ya ce komai lafiya. Ingancin takarda wajibi ne, amma tambayar da ta rage ita ce abin da doka ta yarda a yi a filin da kuma filayen maƙwabta. Tun da birnin New York ya kafa cikakkiyar dokar rarraba amfanin filaye a 1916, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta halatta irin wannan doka a shari'ar ƙauyen Euclid a 1926, tsarin ya bazu har ya zama ruwan dare a birane: nan gidajen zama, can shaguna, can masana'antu, tare da iyakar tsawon gini da yawan gidajen da za a yi a fili ɗaya.

Abubuwan da za ka tambaya su ne: me aka ware filin don shi, hawa nawa aka yarda a yi, ko yana cikin yankin tarihi da aka hana sauya fasalin gini, ko akwai shirin faɗaɗa hanya da zai ci gabansa, da kuma irin izinin ginin da maƙwabta suka nema kwanan nan. Wannan na ƙarshen taska ce da ba a cika buɗewa ba, domin takardun neman izini suna nuna inda masu kuɗi suka dosa tun kafin a ga bulo ɗaya. Sauyin doka yana iya zama riba. Lokacin da birnin Auckland na ƙasar New Zealand ya sassauta dokarsa a 2016 ya yarda a gina gidaje da yawa a mafi yawan filayen zama, tsohon gida mai faffaɗan fili ya koma abin nema ga masu gini. Amma wannan sassaucin shi ne kuma ke ƙara yawan gidajen haya da za su yi gogayya da naka.

Dokokin haya su ma na yanki ne, kuma suna sauyawa da sauri fiye da yadda ake biyan bashin gida. Berlin ta daskarar da kuɗin haya a Fabrairun 2020, sai kotun tsarin mulkin Jamus ta soke dokar a Afrilun 2021, ta bar masu gida da 'yan haya cikin lissafin bambancin da ya taru. New York ta fara aiwatar da doka a Satumbar 2023 wadda ta wajabta rajista ga mai ba da hayar ƙasa da kwana 30, tare da sharaɗin yana cikin gidan lokacin da baƙin suke. A Yunin 2024 hukumar Barselona ta Sifaniya ta sanar cewa lasisin gidajen saukar 'yan yawon buɗe ido, wajen 10,000, za su daina aiki zuwa Nuwambar 2028. Duk wanda ya gina lissafinsa a kan hayar kwana-kwana kaɗai ya jingina jarinsa ne a kan ƙuri'ar 'yan majalisar birni. Shawarata ita ce kada a sayi gida sai lissafinsa ya tsaya da ƙafarsa a kan hayar shekara ta yau da kullum, abin da ya ƙaru a kai kuma a ɗauke shi a matsayin gyara.

Game da haraji, kada ka dogara da rasit ɗin mai sayarwa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978 ta taƙaita harajin gida zuwa kashi 1 cikin 100 na ƙimarsa, ta kuma hana ƙimar tashi fiye da kashi 2 a shekara, amma da zarar an sayar da gidan sai a sake ƙimanta shi da sabon farashi. Wanda ya saya daga hannun tsohon da ya shekara talatin a ciki zai biya ninkin-ba-ninkin abin da ya gani a rasit. Ko'ina kake, tambayar ita ce nawa kai za ka biya bayan ciniki.

Mataki na shida: ruwa da ƙasa

Ka nemi taswirar ambaliya ta hukuma, amma kada ka tsaya a kanta. A guguwar Harvey ta Agustan 2017, gidaje masu yawa da ruwa ya ci a birnin Houston na Amurka suna wajen yankin da taswira ta ce yana cikin haɗari, domin siminti da kwalta sun rufe ƙasar da a da ke shanye ruwa. A arewacin birnin Jakarta na Indonesiya kuwa ƙasar ce kanta ke nutsewa saboda yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse. Ka duba tabon ruwa a jikin katangu, ka duba girman magudanai da ko sun toshe, ka tambayi wanda ya daɗe a layin inda ruwa ya tsaya a shekara mafi muni da ya sani. Hanya mafi sauri ta sanin haɗarin wuri ita ce ka nemi kamfanin inshora ya ba ka farashi kafin ka saya. Idan ya tsawwala ko ya ƙi, to banki ma zai yi wa wanda zai saya daga hannunka wahalar bashi, kuma kasuwar gidanka ta ƙuntata ke nan.

Mataki na bakwai: taka unguwar da ƙafa

Gani ya kori ji. Ka je aƙalla sau huɗu: da safe a ranar aiki, da dare, a ranar hutu, da kuma bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi. Ka lura da gidaje nawa ake gyarawa da nawa aka bari suna lalacewa, shaguna nawa ke rufe, ko fitilun titi suna ci, ko mata da yara suna tafiya hankali kwance bayan faɗuwar rana. Ka ƙirga allunan neman 'yan haya, ka dawo bayan wata guda ka ga nawa aka cire. Ka yi hira da mai gadi, mai shago, mai gyaran famfo da ɗan hayar da ke shirin tashi, domin wanda zai tashi ba ya da dalilin ɓoye maka komai.

Akwai gargaɗin da nake ganin wajibi ne a nan. Sunan da unguwa ta yi a bakin mutane yakan daɗe bayan gaskiyarta ta sauya, kuma sau da yawa tushensa ƙyamar mazaunanta ne. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka ta zana taswirorin birane ta shafa jan launi a unguwannin baƙar fata da baƙin haure a matsayin masu haɗari ga bashi, aka daɗe ana hana su rance, har sai da dokar 1968 ta haramta nuna bambanci a harkar gidaje. Rashin jarin ne ya lalata wuraren, sa'an nan aka riƙa kafa hujja da lalacewar. Auna unguwa da launin fata ko addini ko asalin mazaunanta zalunci ne, a wurare da yawa laifi ne a doka, kuma ko ta fuskar kasuwanci makanta ce. Abin da za a auna shi ne rahoton laifuka na hukuma a tsawon shekaru, yadda ake biyan haya, da yadda hukuma ke kula da wurin.

Mataki na takwas: lissafi

Yanzu ne za a taɓa farashi. Ka tattara cinikin da aka kammala a cikin wata shida zuwa shekara a layukan da ke cikin iyakar da ka zana, na gidaje masu kama da naka, ka yi watsi da farashin da masu sayarwa ke nema, domin nema daban, biya daban. Sa'an nan ka fitar da ribar haya bayan an cire komai. Ga misali da lambobin da aka ƙaga don bayani kawai. Gidaje biyu, kowanne farashinsa 100. Na farko yana unguwa mai rauni, hayarsa 10 a shekara. Na biyu yana unguwa mai ƙarfi, hayarsa 7. Na farko yakan zauna wata biyu babu kowa, an rasa 1.7, hayar da ba a biya ba ta ci 0.8, gyara 1.5, haraji da inshora 1.5, saura 4.5. Na biyu ya rasa 0.3 a tsakanin 'yan haya, gyara 0.8, haraji da inshora 1.2, saura 4.7. Gidan da ya fi kyan gani a takardar dillali ya koma baya, tun ba a sa wahalar bin bashi da zuwa kotu ba. Hayar da ta yi yawa idan aka kwatanta da farashi, sau da yawa kasuwa ce ke biyan ka ladan haɗarin da ka ɗauka.

Ka duba kuma yawan gidajen da ke tafe. Inda fili ya ƙare, ko doka ta tsaurara, ƙarin buƙata kan koma ƙarin farashi. Inda fili ke shimfiɗe ba iyaka a bakin gari, duk tashin farashi kira ne ga magina su ƙara gini. A Seseña, kudu da Madrid, an tayar da dubban gidaje a fili fetal lokacin da kasuwar Sifaniya ke tashe, kuma da rikicin kuɗi na 2008 ya zo, benaye da yawa sun tsaya babu kowa tsawon shekaru. Ka ƙirga gine-ginen da ake yi da waɗanda aka ba izini a kewayen da ɗan hayarka zai iya zaɓa, ka kwatanta da yawan mutanen da ke shigowa.

Daga nan ka gwada lissafin da munanan zato guda uku, ɗaya bayan ɗaya sa'an nan a haɗe: haya ta faɗi da kashi 10, gidan ya zauna wata huɗu babu kowa, kuɗin ruwan banki ya ƙaru da maki 2 (wato ƙarin 2 a kan kowane 100 na bashin a shekara). Idan a haɗe za ka iya biyan banki daga ajiyarka na shekara guda ba tare da an tilasta maka sayarwa ba, unguwar tana cikin ƙarfinka. Abu na ƙarshe da za ka tambayi dillalai biyu ko uku waɗanda ba su da hannu a cinikin shi ne kwana nawa gida irin wannan ke yi a kasuwa kafin a saye shi a layin, da kuma kashi nawa ake ragewa daga farashin farko. Wannan adadin kwanakin ka rubuta shi kusa da farashin da za ka taya, kuma idan ya haura wata shida, ka rage tayin da kuɗin riƙe gidan na tsawon wannan lokaci.